Jirgin Abuja ya kwana Sakkwato saboda taya guda

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi mini haƙuri, yau da zafina na shigo. Tun ƙarfe 11 nake filin jirgin Sultan Abubakar III. Jirgin da zai kai mu Abuja ya sauka lafiya lau a kan idonmu, waɗanda ya kawo suka fice, mu kuma aka ce mu ɗan dakata. Ɗan dakatawar nan har la'asar sakaliya. Sai can wani ma'aikaci ya raɗa mana cewa taya guda ce ta sami matsala, kuma wai sai an kawo wata daga Legas tare da mai ɗaura ta. Yanzu an ce sai gobe. Ina da zama ƙarfe 9 na safe a Abuja. Don Allah ku gaya mini, garin da ya tara masu faci tun daga Gawon Nama har Kwannawa, a ce taya guda ta gagara? Ni da idona na leƙa ta taga, tayar nan tsaye take cif.

Bakanike Sani:
Alhaji da kira na kay yi tun da rana, da yanzu kana Abuja kana shan shayi. Shekara 22 ina kwance tayar tirela, mi tayar jirgi ta hi ta da shi?

Hajiya Inno:
Sani ka ji tsoron Allah. Motata da na kai maka har yau ƙarar nan tana nan.

Bakanike Sani:
Hajiya wagga ƙara ta hanya ta, ba ta mota ba.

Barista:
Alhaji kada ka yarda da zancen taya tukuna. Duk lokacin da kamfani ya ga kujeru ba su cika ba, ko dillalin mai ya ƙi ba shi bashi, sai a ce matsalar inji. Kalmar ta zama bargon rufa asiri.

Injiniya:
Wa'alaikumus salam. Yaya Alhaji sannu da haƙuri. Ina wurin aiki a Legas, yanzu na duba waya. Ban ga jirgin ba, saboda haka ba zan rantse wa kowa ba, amma in har taya ce, abin da aka yi muku shi ne daidai, ko da yake ba daɗi.

Ka ce ka leƙa ka gan ta tsaye. A nan gizo ke saƙar. Tayoyin jirgi bibbiyu suke a kan ƙafa guda. In ɗaya ta rage iska, 'yar uwarta ce ke ɗauke mata nauyin, sai ka ga duka biyun a tsaye kamar ba komai. Ido ba ya ganewa, sai geji. Tayar motarka iskarta ba ta wuce awo 30 da 'yan kai, ta jirgi irin Boeing 737 tana kai wa wajen 200. Kuma ba iskar da muke shaƙa ake ɗura mata ba, naitirojin ce busasshiya, domin ita ba ta taimakon wuta in birki ya yi zafi. Ba a auna ta da zafinta, sai an bari ta huce sa'o'i bayan sauka. In aka sami guda ta faɗi ƙasa da ƙa'ida sosai, littafin gyara yakan ce a cire ta, wani lokacin har da maƙwabciyarta, saboda ita ma ta sha wahalar da ba a gani.

Sani kuma, na san hannunka, ba raini ba ne. Amma ko ni da nake da lasisin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, in jirgin ba irin wanda aka rubuta a lasisina ba ne, ba ni da ikon sa hannu a kansa. Aikin ɗaura taya bai fi awa guda ba in kayan aiki na nan. Sa hannun ne ke da tsada. Matuƙi ba ya tashi sai injiniya ya rubuta a littafin jirgi cewa ya sallame shi, da sunansa da lambar lasisinsa. In wani abu ya faru, wannan shafin za a fara buɗewa.

Bakanike Sani:
To ai mu ma muna sa hannu Injiniya, ga rasit.

Baba Liman:
Ɗan Mabera, ɗana, zauna ka sha ruwa. Ku yara ba ku san abin da taya tay yi ma garin ga ba. Mu da munka ga shekarar 1991 ba mu jin an ce tayar jirgi mu yi dariya. Alhazanmu sun gama aikin Hajji, sun ɗauko tsarabarsu, ana nan ana share gidaje ana jiran su, sai labari yaz zo. Injiniya kai ka san zancen a ilmance, hwaɗa musu.

Injiniya:
Allah shi gafarta Baba, dama ina ta juya yadda zan kawo shi.

Ranar 11 ga Yuli 1991 ne. Jirgi ƙirar DC-8, na wani kamfanin Kanada mai suna Nationair, aka ɗauko haya yana jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways. Ya tashi daga Jidda zai zo Sakkwato da fasinja 247 da ma'aikata 14. Babu wanda ya fita, mutum 261.

Abin da bincike ya gano shi ne, kwanaki kafin ranar makanikan jirgin sun san tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska. Da safen nan babban makanikin ya nemi naitirojin ya ƙara musu, ba a samu a kusa ba. Mai kula da jigilar, wanda ba injiniya ba ne, ya ƙi yarda a ƙara makara, domin dama suna bayan lokaci. An kuma tarar an gyara alƙaluman awon iskar a takarda don su yi daidai da ƙa'ida. Jirgi na gudu a kan titi, tayar da ke ɗauke da nauyin 'yar uwarta ta fashe, ta biyun ta bi ta, ƙarfe ya riƙa gurzar kwalta har wuta ta kama. Matuƙan ba su san da wutar ba, suka naɗe ƙafafun zuwa cikin cikin jirgin kamar yadda aka saba. Wato suka shigar da wutar ɗaki da hannunsu, inda wayoyi da bututun man sarrafa jirgi suke. Sun juyo za su sauka, ya rage musu ƙasa da kilomita 3 su kai titi jirgin ya faɗi.

A makarantun gyaran jirgi na duniya ana karantar da wannan hatsarin. Ni ranar da aka kawo shi a aji, malamin bai san ni ɗan Sakkwato ba ne.

Hajiya Inno:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina ƙarama lokacin amma ina tuna yadda gari ya yi tsit. Allah ya jiƙansu ya karɓi Hajjinsu.

Ɗan Mabera:
Amin. Wallahi na san da hatsarin, amma ban taɓa sanin taya ce sila ba. A gida cewa ake yi jirgi ya kama da wuta, shi ke nan.

Abu Arkilla:
Allah ya jiƙansu. Amma jama'a mu yi hattara da harshe. Wanda kwanansa ya ƙare ko tayar zinariya aka ɗaura sai ya tafi. Sun rasu a hanyar dawowa daga ɗakin Allah, wane gata ya fi wannan?

Baba Liman:
Abu, ba wanda yay yi gardamar ajali. Amma mutumin da yaz zo wurin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, yana tambaya ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, mi anka ce mishi? Ɗaure ta, sannan ka yi tawakkali. Su alhazan sun samu nasu rabo in sha Allahu. Wanda yac canza lamba ga takarda shi ma yana da tashi tambaya. Abu biyu na, kada ka gama su.

Abu Arkilla:
Na karɓa Baba. Allah ya ƙara girma.

Barista:
Ni ma na sassauta, amma ban janye duka ba. Injiniya ka faɗa mana gaskiya, ba tsofaffin jirage ne matsalarmu ba? Ana kwaso mana gwanjon da Turawa suka gama yayi. Jirgin da ya ɗauke mana Sarkin Musulmi Maccido a 2006 ai tsoho ne tukuf.

Injiniya:
Barista, jirgin tsoho ne, Boeing 737-200 na kamfanin ADC, ranar 29 ga Oktoba 2006, ya tashi daga Abuja zai zo nan. Mutum 96 suka rasu cikin 105. Amma rahoton bincike bai ɗora laifin a kan gyara ko tsufa ba. Hadari ne ya taso, suka tashi a cikinsa, iska mai juyawa farat ɗaya ta same su suna ɗagawa, kuma yadda aka tunkari iskar bai yi daidai ba. Sabon jirgi ma in ya shiga irin wannan yana iya faɗuwa. Mu da muke aikin ba mu son a jingina mana abin da ba namu ba, namu ma ya ishe mu.

Shi tsufan jirgi ba da shekara kaɗai ake auna shi ba. Akwai awannin da ya yi a sama, akwai kuma sawu, wato tashi guda da sauka guda. Duk sawu sai an cika cikin jirgi da iska don mutane su yi numfashi, jikinsa ya ɗan kumbura, in ya sauko ya saki. Ɗauki murfin gwangwanin madara ka yi ta lanƙwasawa gaba da baya, ka ga abin da zai faru. A 1988 wani 737 na kamfanin Aloha a tsibiran Hawai, da ya yi sawu kusan 90,000 yana gajerun tafiye-tafiye a iskar teku mai gishiri, rufinsa ya yaye a sama, fasinja na zaune sararin samaniya a kansu. Ma'aikaciya guda ta rasu, matuƙan suka sauke shi. Daga nan aka tsananta dokar binciken tsofaffin jirage a duniya.

Mu nan bayan hatsarin Gwammaja a Kano a watan Mayun 2002 gwamnati ta sa iyakar shekara 22 ga jirgin da za a shigo da shi. Ban ce dokar banza ce ba. Amma ka ba ni jirgi ɗan shekara 25 mai cikakkun takardu, da ɗan shekara 8 da aka yi wa ha'inci a littafi, na farkon zan sa iyalina.

Nana Runjin Sambo:
Yaya Injiniya, wai shi sabis ɗin jirgi kamar na mota ne, a juye baƙin mai a canza filta?

Injiniya:
Ƙanwata hawa-hawa ne. Kullum kafin tashi ana zagaya shi, a duba taya, birki, mai, ko tsuntsu ya bugi wani wuri. Wannan a filin Sakkwato ma ana yi. Bayan 'yan ɗaruruwan awanni sai a yi wanda muke kira e-cek, yawanci dare guda. Sai si-cek, duk wata 18 zuwa 24, ya danganta da irin jirgin. Shi wannan sai an shigar da jirgi rumfa makonni, a cire kujeru, a ɗaga daɓen ƙasa, a buɗe bango, a bi lungu-lungu da fitila da madubi ana neman tsatsa da tsagewa. Inda muka fi samun tsatsa zai ba ki dariya: ƙarƙashin banɗaki da wurin dafa shayi. Babban garambawul kuwa, di-cek, sai shekara 6 zuwa 10, har fenti ake kankarewa. Da yawa in jirgi ya tsufa, mai shi yakan lissafa kuɗin di-cek ya ga gara ya sayar da shi a yanka a sayar da kayan.

Inji kuma duniyarsa daban. Ba a buɗe shi haka kawai. Akwai wata 'yar kyamara a bakin siririn bututu da muke zurawa ciki mu ga fuka-fukan da ke juyawa. Wasu ƙarafan cikinsa an ƙayyade musu sawu, in suka cika sai a cire su ko da suna ƙyalli kamar jiya aka ƙera su.

Bakanike Sani:
Subhanallahi. Ƙarhe lahiya lau a yar? Ku aiko muna su Kara mu sai da.

Injiniya:
Saboda irinku ne ake lalata su da gangan kafin a zubar, Sani. Ba wasa nake ba, ana yanka su ne don kada su dawo kasuwa. Kowane safaya na jirgi yana da takardar shaida, ko Fom 1 ta Turai ko 8130-3 ta Amurka, mai nuna inda aka ƙera shi da wanda ya taɓa shi. Noti in ba takarda, sunansa ƙarfe. Kuma kada ku ce mu kaɗai ke da 'yan damfara. A 2023 aka kama wani kamfanin dillancin safaya a Landan yana sayar da kayan injin CFM56, wanda ke jikin jiragen 737 da A320 da yawa, da takardun bogi. Manyan kamfanonin Amurka da Turai sai da suka sauke jirage suna cire kayan.

Zancen noti ya tuna mini. A 1990 wani jirgin British Airways gilashin gaban matuƙi ya fice a sama, iska ta zuƙe kyaftin rabin jikinsa na waje, ma'aikata suka riƙe ƙafafunsa har aka sauka, kuma ya rayu. Dalili? Wanda ya canza gilashin da dare ya gwada kusoshin da ido maimakon ya duba littafi. 84 cikin 90 sun fi ƙa'ida siranta da abin da bai kai milimita guda ba. Ƙwararre ne mai shekaru a aikin. Gwanintar ce ma ta ja shi.

Bakanike Sani:
Wanga zance ya taɓa ni. Mu gwaji da ido shi na aikinmu.

Ɗan Mabera:
To na ji duk wannan, kuma jikina ya yi sanyi. Amma har yanzu ba a amsa mini ba. In taya na da muhimmanci haka, don me ba a ajiye ko guda a Sakkwato? Filin da ke kwasar alhazai duk shekara?

Injiniya:
Nan kam Yaya ina bayanka. Kamfanin da ke zuwa gari kullum ya kamata ya ajiye taya, jak, tulun naitirojin, ko ya yi yarjejeniya da wani kamfanin da zai ara masa, ko ya riƙa yawo da injiniya a cikin jirgin. Wasu na yi. Wanda bai yi ba lissafin kuɗi ya yi: sawu guda a rana, gara ranar da abin ya faru fasinja su kwana. Tsayar da jirgin daidai ne. Rashin shiri tun farko shi ne laifin.

Barista:
Yauwa, a nan nake. Kuma Alhaji ka sani kana da haƙƙi. Sashe na 19 na dokokin NCAA ya yi magana a kan jinkiri: in ya kai awa 2 a ba ka abin taɓawa, in ya zarce kana iya neman kuɗinka, in ya kai ga kwana a ba ka masauki. Sun ba ku ko ruwa?

Ɗan Mabera:
Ruwan leda ma da kuɗina na saya. Mu 'yan gari mun koma gida. Akwai wata baiwar Allah da ta taso daga Illela da yara biyu, ita na fi tausaya wa.

Barista:
Ka ajiye tikitinka da hoton allon sanarwa. Hukumar na da teburin karɓar koke.

Malam Usman Jami'a:
Na daɗe ina karanta ku ban tsoma baki ba. Ni tambayata ta fi taya girma. Wannan si-cek da Injiniya ya faɗa, ina ake yin sa? Amsar ita ce yawancin jiragenmu waje suke fita, Habasha, Masar, Turkiyya, ƙasashen Turai. Kamfani na sayar da tikiti da naira, ya biya gyara da dala. Kafin Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haye 1,500. Shi ya sa za ka ji kamfani na da jirgi 10 amma 4 ke tashi, sauran na can rumfar wasu an riƙe su sai an biya. Tikitin Sakkwato zuwa Abuja da kuke kuka da shi, wani kaso nasa albashin makanikin Addis Ababa ne.

Habashawa sun kafa kamfaninsu a 1945, suka riƙe shi, suka gina sashen gyara tun shekarun 1950, yau har injuna suke buɗewa. Mu Nigeria Airways ta mutu a 2003, ƙwararrun da ta horar suka watse.

Shawarata, kuma da gaske nake: me zai hana a yi wannan masana'anta a Sakkwato? Babban abokin gabar jirgi tsatsa ce, tsatsa kuma danshi take so. Legas gishirin teku ne da ruwa. Inda duniya ke ajiye jirage busassun wurare ne: Tucson a Arizona, Teruel a Sifen, Alice Springs a Ostareliya. Lokacin korona a 2020 wuraren nan cika suka yi. Mu muna da fili, muna da rani wata 7 ko 8, sararin samaniyarmu ba cunkoso.

Hajiya Inno:
Malam ka manta da hazo? Ni da nake share ɗaki sau uku a rana lokacin hunturu.

Injiniya:
Hajiya ta riga ni. Malam, ina son garinmu kamar kowa, amma bari in zama mai ɓata biki.

Ƙurar hunturu ba wasa ba ce ga inji. Tana cin bakin fuka-fukan ciki kamar sanfefa, mai laushin kuma tana narkewa a wuri mai zafi ta toshe ƙananan hujojin da ke sanyaya ƙarfe. Haɗa da zafin Afrilu da ke haye 40, iska ta yi sako-sako, inji sai ya ƙara ƙoƙari kafin ya ɗaga jirgi. Injunan da ke aiki a ƙasashen rairayi sun fi saurin komawa garambawul. Ajiya dai ana iya yi, a toshe kowace kafa a lulluɓe, amma buɗe inji sai rumfa mai rufi ruf da wutar da ba ta ɗaukewa.

Wannan ma mai sauƙi ne, kuɗi na maganinsa. Mai wuyar ita ce kasuwa. Gareji a bakin tasha ake buɗe shi. Jirage Legas da Abuja suke kwana, can kamfanoni suke, can kwastan ke fitar da safaya. In kana tsakiyar si-cek ka tarar da tsatsa a wurin da ba ka zata ba, kana son kayan su iso gobe daga Turai, kowace rana jirgi na zaune asara ce. Sannan rumfa ba gini ba ce kawai. Sai NCAA ta ba ka izini a kan kowane irin jirgi, kuma in jirgin haya ne, mai shi da ke Ayalan ko Amurka yakan ce ba a taɓa masa kaya sai a wurin da hukumar Turai ko ta Amurka ta amince da shi. Aero Contractors a Legas sun fara si-cek na tsofaffin 737 wajen 2018, abin alfahari ne, amma ka duba shekara nawa suka yi suna aiki kafin su kai nan. Akwa Ibom sun gina katafariyar rumfa a Uyo, an daɗe ana jiran ta kama aiki gadan-gadan. Siminti ba shi ne matsala ba, kamfanin simintin Kalambaina na nan.

Malam Usman Jami'a:
Ban yarda da kai duka ba. Teruel ƙaramin gari ne, ba tashar kowa ba ce, jiragen fasinja ma ba sa zuwa can. Da sun bi lissafinka da ba su fara ba. Kuma ka manta maƙwabta. Yamai ta fi kusa da mu a kan Legas.

Injiniya:
Teruel na cikin Turai Malam, mota na kawo musu safaya daga Tulus cikin yini. Nijar kuma jirage nawa gare su? Amma zan ba ka rabi. Ajiya da yanka tsofaffin jirage a fitar da kayan da ke da sauran rai, wannan ana iya tunaninsa a nan. Kafin shi kuma akwai ƙaramin abin da ba ya buƙatar biliyoyi: tashar gyaran yau da kullum guda a filinmu, injiniyoyi 3 ko 4 masu lasisin 737 da Embraer, tayoyi, birki, naitirojin, duk kamfanin da ya sauka ya biya a yi masa. Lokacin Hajji su yi aiki dare da rana. Da akwai ta, da Yaya Alhaji na Abuja yanzu.

Malam Usman Jami'a:
Rabin ma na karɓa, amma za mu koma kan sauran. Ina ganin kun saba raina abin da jiha za ta iya.

Hajiya Inno:
Ni abin da ya dame ni daban. Mahaifiyata na cikin maniyyatan bana. Jiragen Hajji har yanzu hayar su ake yi kamar na 1991?

Injiniya:
Ana yi Hajiya, domin ba kamfanin da zai sayi manyan jirage don aikin wata biyu. Haya ba aibi ba ce. Bambancin shi ne yanzu kafin a ba kamfani jigila sai hukumar alhazai NAHCON ta tantance shi, NCAA ta duba jiragen da takardunsu, hukumar jiragen Saudiyya ma sai ta amince. Abin da bai canza ba shi ne matsin lamba. Alhazai sun kwana uku a sansani, jami'ai na waya, ana cewa za a rufe filin Jidda. Duk wannan nauyin a kan mutum guda yake sauka, mai riƙe da biro a ƙarƙashin fiffike. An taɓa tsayawa a kaina a wani wurin da na yi aiki, manaja na nuna mini agogo, yana cewa ko na san wanda ke cikin jirgin. Na ce ya karɓi biron ya sa hannu da kansa. Bai karɓa ba. Wata uku ba ya amsa gaisuwata.

In Mama ta kira ki daga sansani tana faɗan an ɗaga tashi saboda gyara, ki lallashe ta kawai.

Nana Runjin Sambo:
Yaya, ƙanena ya gama sakandare, lissafi da fizis ɗinsa masu kyau ne, kullum yana cikin kwance rediyo da janareto. A ina ake koyon wannan aikin?

Injiniya:
Zariya, kwalejin koyon aikin jiragen sama, tana nan tun 1964. Mutane sun ɗauka tuƙi kaɗai ake koyarwa, alhali akwai sashen gyara: ɓangaren jiki da inji, da ɓangaren lantarki da na'urori. Mai kwance rediyo na biyun zai fi dacewa da shi. Akwai kuma AFIT ta sojan sama a Kaduna. Amma ki gaya masa takardar makaranta ba lasisi ba ce. Sai ya yi shekaru a ƙarƙashin wani yana miƙa sifana, ana rubuta duk aikin da ya yi, ya zauna jarrabawar NCAA, sannan kwas na irin jirgin da zai riƙe. Turancinsa ma ya gyara, littattafan gyara duk da shi aka rubuta su. Kuma aikin dare ne, jirgi da rana yana nema wa mai shi kuɗi. A rumfarmu 'yan Arewa ba mu cika hannu guda ba.

Baba Liman:
Gwamnati na tura yara waje karatun likita. A tura ko biyar Zariya mana, ga ta nan kusa.

Bakanike Sani:
Injiniya tambaya ta ƙarshe. Gejin naku wa ka auna shi? Don ni nawa da na maƙwabcina ba su taɓa hwaɗin magana guda ba.

Injiniya:
Ana kai shi ɗakin gwaji lokaci-lokaci a gwada shi da na asali, a manna masa takarda mai kwanan wata. In kwanan ya wuce, ko ya faɗi ƙasa sau guda, ba a sake amfani da shi sai an mayar. Haka sifanar ɗaure noti mai awo. Naku kuwa sai dai ku samo na uku ya raba gardama. Zan shiga aiki, akwai jirgin da ke jirana.

Ɗan Mabera:
Jama'a barkanmu da kwana. Tayar ta iso da jirgin farko tare da wani saurayi mai riga mai ƙyalli, ko gemu bai tara ba. Biyu ya canza, ba guda ba, kamar yadda Injiniya ya ce. Na tsaya a taga ina kallonsa har ya gama rubutu a littafin. Zaman ƙarfe 9 dai ya wuce ni, an ɗaga zuwa Alhamis. Barista turo mini yadda ake rubuta koken nan, kuɗin ruwana da na matar Illela ban yafe ba. Ana kiran mu.

Hajiya Inno:
Allah ya sauke ku lafiya. Sani, gobe zan aiko da motar, kuma ƙarar ba ta hanya ba ce.